Kaskon Goggo Liu

Azumin bana bai yi nisa ba aka ɓata wa matata Rabi rai, kuma a kan ƙosai. Ina zaune a tsakar gida bayan la'asar, na jiƙa tawul na ɗora a ka, don zafin Gyadi-Gyadi ya fara nuna halinsa, ga wuta an ɗauke tun hantsi. Sai ga ɗanmu Mubarak ya shigo da kwanon da aka aike shi da shi, a rufe kamar yadda ya fita.

"Umma, ya ce ya gode, wai ya ƙoshi."

Wanda ya ƙoshin shi ne Mista Jaw, wani Basine mai gyaran injina a kamfanin robobi, da ya kama haya a jikin gidanmu bara. Shi kaɗai yake zaune. Rabi ce ta ji tausayinsa ta sa shi a jerin masu kwano.

Ta ajiye cokalin tuya ta riƙe ƙugu. "Ya ƙoshi? Ni za a dawo wa da kwanon ciyayya? Shekara nawa ina aika abinci a layin nan, har gidan da ba ma ga maciji da su, ba wanda ya taɓa yi mini haka. Sai ɗan Chana!"

Dariya ta ƙwace mini. Ta juyo a fusace. "Abban Mubarak, abin ma dariya ya ba ka?"

Na ce da Mubarak, "Sau nawa ka miƙa masa?"

"Sau ɗaya, Abba."

"To ai ko farawa ba ka yi ba."

Ina faɗin haka idona ya sauka a kan baƙin kaskon ƙarfen da ƙosan yake soyuwa a ciki, mai kunnuwa biyu. Rabi ta san daga Sin na zo da shi, amma ban taɓa zaunar da ita na ba ta labarinsa ba. Bana kuwa azumi ya zo daidai da sabuwar shekarar Sinawa, kamar yadda ya yi a shekarar da na fara azumi a ƙasarsu, don haka tun da aka ga wata zuciyata take can.

Ina saurayi na tafi, shekara kusan talatin ke nan. Daga gidanmu na Tarauni aka raka ni tasha, Inna tana kuka tana cusa mini ƙullin yaji da kuka a jaka, don ita a saninta duk inda ba a tuwo yunwa ce take kashe mutane. Gurbin karatu na samu na koyon Sinanci a wani birni na arewacin ƙasar. Watannin farko baki buɗe na yi su. Da safe kekuna suke cika titi kamar an buɗe dam, ba hon, ba zagi, sai ƙararrawa. Tsofaffi su fito filin unguwa da tsuntsayensu a keji, su rataye a reshe don tsuntsun ya sha iska, su kuma su shiga motsa jiki a hankali kamar masu tafiya a cikin ruwa. Kowa da kwalbar ruwan zafinsa a hannu, ko ana zafi ko ana sanyi. Wanda kuka haɗu yau zai tambaye ka shekarunka, da ko kana da mata, da dalilin da ya sa ba ka da ita, kuma ba da wata manufa ba. Yara su shafa hannuna su duba yatsunsu su ga ko baƙin ya fita. Da fari raina yana ɓaci, daga baya ni nake miƙa musu hannun.

A ƙofar gidan kwanan ɗalibai baƙi akwai wani ɗan ɗaki na mai gadi, Dattijo Can, da matarsa Liu. Ita ce mai hura tukunyar ruwan zafi da kwal, kowa ya kawo filas ɗinsa ta cika masa. Gajeriya ce, mai furfura da faɗa, muryarta ta fi jikinta. Yadda yaran wurin suke kiran ta, in aka juya shi da Hausa Goggo ne, shi ya sa nake ce mata Goggo Liu.

Kabeji ne ya haɗa mu. Ana gab da shiga sanyi sai na wayi gari na ga manyan motoci suna juye wani dogon farin kabeji a bakin titi, tuli-tuli, ya fi mutum tsawo. Gari duka ya fito. Malamin jami'a da mai shara suna layi ɗaya, wannan da amalanke, wancan da keke. A lokacin in ƙanƙara ta sauka ba wani ganye sai shi, don haka kowane gida yake tara na watanni, kamar yadda muke cika rumbu da kaka. Na ga Goggo Liu tana nishi da nata, na tuna tarbiyyar gida, na tuɓe riga na shiga ɗauka. Muka jera shi a jikin bango ya sha rana, muka juya shi, muka lulluɓe da tsohon bargo. Wani ta yanka ta danna a tulu da gishiri ta ɗora dutse. Yatsuna suka tsage, hancina yana zuba, ita kuwa tana tsaye a kaina tana faɗa wai ban iya jeri ba. Daga ranar in ta hango ni sai ta ɗaga murya, "Ka ci abinci?" Ko makaho ya san ta ɗauke ni ɗa.

Sai sanyi ya zo, azumi ya biyo shi.

Wanda bai je ba ba zai gane ba. Mu a Kano azumi ƙishirwa ce: maƙogwaro ya bushe, ka riƙa leƙen randa. Can ko ruwan ba ka sha'awa. Yunwa ce zalla, wadda sanyi yake turawa har cikin ƙashi. Rana ba ta daɗewa a sama, amma ɗan wunin nan sai ka ji kamar an yashe maka ciki. In na wanke safa na shanya a taga, da safe sai in same ta a sandare kamar busasshen kifi. Numfashina ya daskare a gashin bakina. Ranar da na fara ganin ƙanƙara tana sauka na fito na tsaya ina ta salati ni kaɗai. Ba ƙara, ba tsawa, ba iska, abu yana zubowa fari fat daga sama shiru, har gari ya ɓace. Na ce lalle ikon Allah ya wuce inda Malam ya tsaya mana a karatu.

Sahur ɗina burodi ne da gyaɗa da shayi. Buɗa-baki kuwa sai in taka zuwa shagon wani Musulmi mai farar hula da yake jan taliya da hannu. In zauna kusa da tukunyarsa tururi yana dukan fuskata, in barbaɗa yajin Inna a romo, in sha har gumi ya tsattsafo. Wannan kwanon shi ne abincin kirki ɗaya da nake samu a wuni.

Wata rana da tsakar rana na je cika filas don wanke fuska, sai Goggo Liu ta fito da kwano yana tururi. Jauza ce a ciki, abincinsu na girmamawa: ƙullin fulawa ake murzawa, a ɗura nama da kabeji, a naɗe kamar ƙaramar sambusa, a dafa a ruwa. Ta miƙo da hannu biyu.

"Ci. Ka rame."

Na ce, "Na gode, Goggo, ba zan ci ba."

Ta yi murmushi ta ƙara matsowa. Na sake cewa a'a. Murmushin ya ƙaru, har ta kalli mijinta kamar mai cewa ka ga yaro mai tarbiyya. Ta miƙo na uku, ta ɗauko ɗaya da tsinkayen da suke cin abinci da su ta kawo har bakina. Ga azumi a bakina, ga ƙamshin ya gaya mini naman alade ne. Sinancina a lokacin na gaisuwa ne da tambayar hanya, ban san yadda ake cewa azumi ba. Na ja da baya na ɗaga hannu biyu, na ce, "Ba na so."

Murmushin ya mutu. Ta dubi kwanon, ta dube ni, ta juya ta shige ɗaki ta saki labule.

Daga ranar ba ta sake tambayata ko na ci abinci ba. Takan karɓi filas ta cika ta ajiye a ƙasa, ba ta miƙo mini. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don a duk birnin nan mai miliyoyin mutane ita kaɗai ce take lura ko na rame.

Ana haka sabuwar shekararsu ta gabato. Ban taɓa ganin gari ya kwashe kansa kamar haka ba. Kowa sai ya koma gidan iyayensa, ko da tafiyar kwana da kwanaki ce a tsaye cikin jirgin ƙasa. Na je tasha don kallo kawai, na ga mutane da buhuna a ka suna shiga ta taga. 'Yan ajinmu suka watse, aka rufe ɗakin cin abinci na makaranta. Wata yamma na isa shagon mai taliya a gajiye na tarar da kwaɗo a ƙofa, shi ma ya tafi garinsu. Na tsaya a cikin ƙanƙara har aka sha ruwa, na buɗe baki da ƙanƙarar da na ɗebo a kan katanga.

Goman ƙarshe ke nan. Burodi da gyaɗa safe da yamma, sai tari ya kama ni, in na miƙe jiri ya ɗebe ni. Tun ina yaro ban taɓa ajiye azumi ba, ban kuma so a ce sai da na bar gaban Inna na fara ba. Amma na san in aka ƙara kwana biyu a haka, jikina ne zai yanke mini hukunci.

Dattijo Can ne ya same ni zaune a kan matakala na kasa ƙarasa hawa. Mutum ne marar magana, kullum sigari a baki. Ya zauna kusa da ni, ya yi magana a hankali yadda zan gane.

"Me matata ta yi maka?"

Na ce ba ta yi mini komai ba sai alheri.

"To me ya sa ka zubar mata da fuska? A wurinmu in an ba ka abu, sai ka ƙi. A sake ba ka, ka sake ƙi. Wannan ladabi ne, kada a ce kai mayunwaci ne. A na uku sai ka karɓa. Wanda ya ƙi bayan nan, ba abincin ya ƙi ba, mai abincin ya ƙi."

Sai a lokacin na gane. Duk a'ar da nake yi da gaskiyata, ita yabon tarbiyyata take yi. Na tattaro 'yan kalmomin da nake da su, na haɗa da hannu. Na nuna masa rana, na nuna bakina na rufe. Na ce wata guda, daga fitowar alfijir har ta faɗi, ba ci ba sha. Na ce alade kuma ko da dare ba na ci.

Ya cire sigarin. "Ko ruwan zafi?"

"Ko shi."

"Wa yake tsaron ka?"

"Ba kowa. Allah ne yake gani."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya kashe sigarin a ƙasa, ya miƙe ya tafi.

Washegari tukunyar ruwan zafi shi yake hura ta, keken Goggo Liu kuma ba ya nan. Ƙanƙara ta kwana tana zuba, titi ya yi santsi kamar an zuba kuɓewa. Na koma ɗaki na kwanta. Can da yamma na ji ana dukan ƙofa kamar za a ɓalle ta. Na buɗe na gan ta, kumatu jajir, gwiwar wandonta jiƙe da laka, alamar ta sha faɗuwa.

"Taso. Kai ba ka da baki ne? Ba sai ka faɗa ba?"

Ta ja hannun rigata har ɗakinsu. A kan tebur ga sabon kasko, takardar kanti ma ba a ɓare ba. Ga sabuwar wuƙa, sabon katakon yanka, sababbin kwanuka da tsinkaye. Ga cinyar rago a naɗe cikin takarda mai rubutun Larabci. Ashe unguwar Musulmi ta je, can ƙarshen birni, wurin da ba ta taɓa takawa ba tun da aka haife ta. Ta sami mahauci ta tsare shi da tambaya, shi ne ya gaya mata ko tukunyar da ta taɓa alade ba a so. Ta ɗaga kowane abu ta nuna mini ɗaya bayan ɗaya, kamar mai nuna kayan ɗaki.

"Ka gani? Ba abin da ya taɓa. Hannuna ma na wanke da sabulu har ya yi fari."

Matar nan ba ta san Allahn da nake yi wa azumi ba, ba ta da addini ma sai hoton iyayenta da take kunna wa turare. Amma ta hau keke a kan ƙanƙara da tsufanta don kada azumina ya karye. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Muka zauna naɗin jauza mu uku. Ita tana murza fulawa, Dattijo yana ɗura nama da kabejin nan da na ɗauko da hannuna, ni kuma ina ɓata musu aiki. Nawa duk suka fashe a ruwa, ta ce sun yi kama da kunnen jaki. Da ta gama sai ta je ta tsaya a taga ta goge raɓa da hannun riga, tana leƙen yamma.

"Rana ta faɗi?"

"Saura kaɗan, Goggo."

"Wannan rana taku akwai taurin kai."

Da ta faɗi na yi bismillah. Ta miƙo kwano da hannu biyu, ni kuwa na cafke tun kafin ya iso. Ta kwashe da dariya har da dukan cinya. "Ka ga wannan! Da ya ƙi har abada, yanzu kuma ko sau ɗaya bai ƙi ba. Ba shi da tsakiya!" Romon ya sauka a cikina na ji ɗuminsa har yatsun ƙafa. Na ci ina hawaye, ta ce yaji ne, na bar ta a haka. In na cinye sai ta ƙara, in na cinye sai ta ƙara, sai da Dattijo ya raɗa mini cewa in ban rage kaɗan a kwano ba, ita a wurinta ban ƙoshi ba.

Haka muka ƙarasa watan. Kullum kafin magariba tana taga tana gadin rana, ta kuma ƙulla mini na sahur a tsumma. Ta buga wa kaskon ƙusa daban, nesa da sauran tukwane, ko mijinta ya matsa kusa sai ta daka masa tsawa. A jajiberin sabuwar shekara, abincin da ya fi kowane girma a wurinsu, 'ya'yansu suka zo da jikoki. Tebur ya cika, amma babu alade ko yanka ɗaya, kuma ba wanda ya ɗaga tsinke sai da na ce rana ta faɗi. Dattijo ya ɗauki kwalbar giyarsa ya fita ɗakin gadi yana gunaguni, ya sha abinsa ya dawo. Sannan gari ya kama da harbin nokawut, sama ta yi ja ta yi kore, ƙasa tana girgiza, har na ɗauka yaƙi ne.

Ba a share jajayen takardun nokawut ɗin ba Sallah ta zo. Na saka kaftanina a kan rigunan sanyi, na taka a kan takardun har masallacin unguwar Musulmi, ja a kan fari iya ganinka. Na yi Idi a cikin mutanen da ba na jin hirarsu sai kabbararsu. Azumina talatin cif, ban sha ko ɗaya ba.

Ranar da zan dawo gida bayan na gama karatu, ta sauko da kaskon daga ƙusarsa ta naɗe a jarida. Ta ce tun da na bar ci ba wanda zai ci a cikinsa. Na ce a'a, Goggo, ki bar shi. Ta miƙo, na sake ƙi. A na uku na karɓa da hannu biyu. Ta share ido da bayan hannu ta ce, "Sai da za ka tafi ka zama mutum." Aikin tafinta ya mayar da ni Sin bayan shekaru, na je wurin. An rushe ɗakin gadin an yi dogon bene, kabeji yanzu a kanti ake saya ko yaushe, ba mai tara shi a bango. Wani tsoho ya ce mini Dattijo ya rasu, ita ma ba ta daɗe ba ta bi shi.

A tsakar gidan nan na ba Rabi labarin, ƙosai yana ƙonewa ba ta sani ba. Ta daɗe tana kallon kaskon. Sau biyu a baya ta so ta ba 'yan gwangwan shi, ina hana ta.

"Shi ne ba ka taɓa faɗa mini ba? Ni ina ta kankare shi da soson ƙarfe ina zaginsa."

Ta zuba sabon ƙosai mai zafi, ta ƙara da kunun tsamiya a jug. Na saka hula na ɗauka da kaina. Mista Jaw ya buɗe ƙofa da singileti, fanka a tsaye, a bayansa na hango jar takardar sabuwar shekara guda ɗaya manne a bango. Bana bai samu zuwa gida ba. Na yi masa barka da sabuwar shekara da harshensu, na miƙa da hannu biyu. Ya girgiza kai, ya ce wahalar ta yi yawa. Na sake miƙawa, ya ce wallahi ya ci, don har wallahi ya koya a Kano. Na miƙa na uku. Ya dube ni, ya dubi hannuwana, ya karɓa. Ya ce, "Wa ya koya maka?" Na ce wata goggona ce. Ana ta kiran sallah a masallacin layinmu, na baro shi tsaye rungume da kwano.

Washegari kafin magariba aka yi sallama. Shi ne da kansa, ya dawo da kwanon cike da lemo, don su ma ba sa mayar da kwano fanko. Rabi ta yafa mayafi ta fito zaure. Ya miƙa mata da hannu biyu. Ta kai hannu, sai ta janye da sauri.

"A'a, na gode," ta ce, fuska a ɗaure kamar gaske. Sannan ta waiwayo ta yi ƙasa da murya. "Abban Mubarak, sau nawa ka ce ake ƙi a wurin su Goggo?"